Hoton Darlene a Bangon Otal

A Las Vegas ba ma barin otal ya tsufa. Da ya fara wari sai a dasa masa nakiya, jama'a su yi ta shewa yana zubewa. Kafin nan akan buɗe ƙofa a sayar da komai, har cokali. Wanda ya riga liƙa tambarinsa a jikin kaya, shi ke da shi.

Darlene Pruitt maƙwabciyata ce. Tare muka yi aiki a wani otal, ni a ɗakin wanki, ita a dandalin rawa da gashin jimina a ka, tana wuce mu kamar ba ta ga mutane ba. Hotonta na rataye a zauren caca, ƙafa ɗaya a sama. Bayan ta tsufa an sallame ta, kullum sai ta je ta tare 'yan yawon buɗe ido ta nuna musu. Ba miji, ba ɗa, sai hoton nan. Ni dai haushi take ba ni.

Ranar gwanjon kayan otal ɗin na kai ta a motata, tana ɗingishi saboda ciwon ƙugu. Muka tarar wani saurayi mai mashaya ya riga ya liƙa tambari a jikin hoton. Ya ce a banɗakin maza na mashayarsa zai rataye shi, abokan cinikinsa za su ji daɗi. Darlene ta roƙe shi, ta ce ita ce a jiki.

Ya dubi hoton, ya dube ta tun daga kai har ƙafa.

"Kaka, ke? To ɗaga ƙafar mu gani. In ta kai haka, naki ne."

Na ce mata mu tafi, raini ne kawai. Ina! Ta miƙo mini sandarta, ta gyara gashi, ta yi murmushin nan nasu na dandali. Mutane suka kewaye ta da wayoyi. Ƙafar ko gwiwa ba ta kai ba, na ji ƙugun ya yi ƙas, ta zube a kan kafet. Wallahi har da masu tafi.

Saurayin ya tsallake ta da hoton a hammata. Tana kwance ta kamo rigata, murmushin bai bar fuskarta ba.

"Ce masa ya tsaya, ban shirya ba ne. Zan sake."