Na Ƙi Kai Iya Makka a Kwamfuta

Kakata Iya Tasalla ba ta ba da tatsuniya kyauta. Sai ta girke tukunyar kalwa bayan isha'i, wuta ta kama, sannan ta turo mana kwandon gyaɗa da ƙafa ta ce, "Mai son ji ya ɓare." Daddawa ce sana'arta, kalwa kuwa ba ta dahuwa da wuri, don haka mu jikokinta muke shan doguwar hira a gindin murhu. Ƙauyenmu yana bayan Tofa, inda gona ke manne da gona, in ka yi tuntuɓe a taku sai ka faɗi a ta maƙwabci. Ni Maigida take ce min, saboda sunan mijinta na ci. "Maigida, wadda kake kaiwa baki ta fi wadda kake zubawa a ƙwarya. Haka za ka riƙe ni?"

Tatsuniyar da ta fi zama a kaina ita ce ta zabuwa. Wai tantabarun birni suka shirya biki, suka aika wa kowane tsuntsu goro. Zabuwa ta dubi jikinta ɗigo-ɗigo ta ce ina, ba za ta shiga cikin farare a haka ba. Ta kai 'ya'yanta ƙarƙashin shingen lalle ta ce su jira, ta sami ramin farar ƙasa ta yi ta birgima har ta koma fara fat. A wurin biki aka shimfiɗa mata tabarma, ana ta sannu da zuwa. Da yamma ta dawo tana kiran 'ya'yanta. Suka leƙo suka ga baƙuwa, suka ƙara shigewa cikin shinge. Ta yi kira har muryarta ta dusashe. Kafin ruwan sama ya sauko ya wanke ta, wata kaza ta riga ta tattara su a ƙarƙashin fukafukanta ta wuce da su.

"Shi ya sa har gobe kaza ke ƙyanƙyashe ƙwan zabuwa," in ji Iya tana gyara itace, "ita kuwa tana bin gonaki tana ihu." Na taɓa tambayarta me ya hana zabuwar yin wanka tun a hanya. Ta ce, "Kai dai ɓare gyaɗarka, sarkin iyayi."

Na girma na tafi Kano koyon ɗaukar hoto. Aka koya mana inda haske ya kamata ya faɗi a fuska, da yadda ake jiran rana ta yi laushi. Daga baya aka zaunar da mu gaban kwamfuta: goge ƙuraje, ƙara haske, yanke mutum daga inda yake a ɗora shi wani wurin, a daidaita inuwarsa yadda ba mai ganewa. Ba yabon kai ba, a ajinmu hannuna ya fi na kowa faɗawa. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba.

A wani hutu na zo gida da kyamarar makaranta. Iya ta tsani hoto, ko na katin zaɓe sai da aka yi daru da ita. Da hantsi na same ta zaune gaban rumbu tana mulmula daddawa, na durƙusa na ɗauka. Ta fito baki buɗe tana yi min faɗa, tsagen kumatunta raɗau, hannunta baƙi ƙirin, ga rabin akuya a gefe. Bayan 'yan watanni Allah ya yi mata rasuwa. Da aka bincika gida kaf, wannan ne kaɗai hotonta na kirki a duniya, kuma yana hannuna.

Ana saura mako guda sadakar arba'in, Baffa Sale, ƙanin mahaifina da ke kasuwanci a birni, ya kira ni zaure. Yana so a buga kalanda a raba wa jama'a.

"Ka gyara ta sosai," ya ce. "Ka cire rumbun nan da akuyar. Ka ƙara mata haske, ka goge tsagen. Ka sa mata farin hijabi, ka tsayar da ita a gaban Ka'aba, a rubuta Hajiya Tasalla a ƙasa."

Na ce, "Baffa, ai Iya ba ta je Makka ba."

"Wa ya tambaye ka? Ba abin da aka tura ka koyo ba ke nan?"

Wallahi na yi. Na zauna tun safe har la'asar, na rufe mata baki, na wanke hannun, na daidaita inuwa da hasken farfajiyar masallaci. Aiki ya yi kyau har ina murmushi ni kaɗai. Na ɗauki kwamfutar na kai wa mahaifina, yana gindin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya, don ya yaba min. Ya goge hannu a riga, ya matso da fuska, ya duba da kyau.

"Allah ya ji ƙanta," ya ce. "Matar wa ce?"

Ɗan farinta ne fa, mutumin da ya fi shekara hamsin yana gaishe ta kowace safiya. Kunya ta kama ni, sai haushin kaina ya biyo baya. Nan take a gabansa na goge aikin gaba ɗaya, na buɗe masa na asali. Ya ajiye fartanyar ya daɗe yana kallo.

Washegari na gaya wa Baffa ba zan yi ba. Ya ce to in tura masa hoton ya kai wani shagon, masu gyara sun cika Kano. Na ce shi ma ba zan tura ba.

"Kai! Uwata ce ko taka?"

"Taka ce, Baffa. Shi ya sa nake mamaki."

Na zaci mari zan sha. Sai ya zauna a kan dakali, muryarsa ta sauka. "Shekara nawa ina ce mata baɗi zan biya mata. Baɗi, baɗi, har ta tafi." Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, har yanzu ma ina jin sa. Amma na ce masa in yana so ya yi mata aikin hajji ai ƙofa a buɗe take, malamai sun san yadda ake yi, kwamfutata dai ba jirgi ba ce. Ya tashi ya kaɗe riga ya fita. Aka yi arba'in babu kalanda, 'yan uwa suna ta cewa boko ya lalata ni, na raina manya. Su faɗa, bakinsu ne.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan a kan zabuwa take, wato kada mutum ya ji kunyar halittarsa. Sai a gindin ɗorawar nan na gane 'ya'yan ne abin tausayi. Akwai jikokin da ba a haifa ba tukuna, wata rana za su ce a nuna musu Iya. Da kalandar nan ta shiga gidaje, wata farar Hajiya za a nuna musu, su tashi da ita a matsayin kakarsu, kuma ni ne zan zama na yi musu wannan aika-aika da hannuna. Har yau ina gyaran hoto, da shi nake ci. Amarya ta ce in ƙara mata haske, in ƙara, fuskarta ce kuma tana raye. Wanda ya mutu ba shi da bakin cewa a'a.

Baffa ya yi wata bakwai yana amsa gaisuwata da ka. Ranar nan sai ga kiransa, ko sallamar kirki babu.

"Ka kawo min hoton Iya."

Na ce, "Wanne, Baffa?"

Ya ce, "Na Iya na ce maka."

Na wanke babba, na sa a gilashi, na kai masa har shago da kaina. Ya karɓa da hannu biyu. Amma asalin hoton da ke cikin kwamfutar yana nan a wurina, kuma ko Baffa ba zan tura wa ba.