Hedimastan Sautu

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa, gwamnati ta tashi haiƙan sai ta dasa makarantar firamare a kowane ƙauye, ko da kuwa bango huɗu ne da allo. Makaranta kuwa sai da hedimasta, don haka irinmu da muka daɗe muna shaƙar alli a aji uku muka wayi gari mun zama abin nema. Takardata ta same ni a Kazaure ranar wata Talata: an ɗaga ni zuwa hedimasta, a wani ƙauye gaba da Roni, ta hanyar Gwiwa. Na karanta ta sau huɗu don tsabar daɗi. A lokacin ban daɗe da sayen sabon babur ba, ja, wanda nake gogewa safe da yamma ko bai yi datti ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi ne Baba. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, yayyena duk suna Kano, ni kaɗai na rage a gida. Sallolin rana a zaure yake yinsu, amma Magariba ba ya yarda sai a masallaci. Ni nake riƙe hannunsa in kai shi, in dawo da shi, sannan a fito mana da tuwo mu ci a kwano ɗaya, yana ba ni labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Ina son wannan lokacin fiye da yadda na taɓa faɗa masa. Maganar ya bi ni ƙauye kuwa ba ta ma taso ba; ya ce a gidan nan aka haife shi, daga nan za a ɗauke shi. To ko dai in ƙi aikin, ko in riƙa zuwa ina dawowa kullum kafin rana ta faɗi.

Da yake ni mai ilimin zamani ne, ban yanke shawara da ka ba. Ranar Lahadi na ɗaura agogo, na tayar da babur, na bi ta tsakanin duwatsu na wuce Roni, na taɓa bangon makarantar, na juyo. Na dawo ina fara'a na tarar da Baba a kan buzunsa.

"Awa ɗaya da minti goma ne kawai, Baba. Ana tashi ƙarfe biyu, kafin La'asar ina gida."

Ya ce, "Da wa da wa ka gaisa a hanya?"

"Ai ban tsaya ba. Gwaji na je yi."

"To, Allah ya sa alheri," in ji shi.

Washegari na karɓi aikin.

Makon farko komai ya tafi yadda agogo ya faɗa. Ina isowa gida da sauran rana, har in yi wanka in sa farar riga, in kai Baba masallaci ina jin mutane na cewa ga Hedimasta nan. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba.

Wanda ya fara ba ni sautu kuwa ba kowa ba ne, Baban ne da kansa. Ya ce yana da aboki a Roni, tare suka yi karatun allo, tunda ta nan nake wucewa in miƙa masa goro biyar. Miƙawa a bakin Baba abu ne na minti ɗaya. Amma dattijo ba a miƙa masa abu daga kan babur. Sai ka kashe inji, ka jingine, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Sai ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi idon Baba, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan a kawo fura, wadda in ka ƙi sha ka raina gidan. Da na miƙe kuma ya ce ai ba a mayar da hannu haka nan, ga ɗan man shanu a kai wa amininsa. Ina ɗaure kwalbar a kariyar babur, maƙwabta uku suna tsaye suna kallona da irin kallon da ake yi wa sabuwar rijiya.

Kafin wata ya ƙare duk hanyar ta san ni. Motar haya a lokacin sai ranar kasuwa take bi ta wajen, ni kuwa kullum, kuma kyauta. Da safe in fito daga Kazaure da batirin rediyo, da ƙwan fitila a naɗe cikin tsumma, da maganin ciwon kai, da zaren ɗinki. Da rana in juyo da daddawa, da kuka, da ƙwan zabo, wata rana har da zakara mai rai wanda bai daina yi mini tsiya a baya ba har Kazaure. Fulanin da ke rugar gefen hanya suka gane lokacin wucewata, sai in hango dattijuwa a tsaye ta ɗaga hannu tun daga nesa. Wasiƙa ita ce babbar matsala. In na kai, mai ita bai iya karatun boko ba, ga malami kuma Allah ya kawo har ƙofar gida. Sai in karanta, a ce in maimaita, sannan a ce in rubuta amsa, a yi ta gardama a kaina kan wa za a fara gaisarwa.

Na yi dabaru. Na gwada fitowa da sassafe, sai aka koma kawo sautun gida tun da yamma, a damƙa wa mai ɗakina. Na gwada wata 'yar hanya ta bayan dutse, ranar na yi faci sau biyu, kuma mai facin ma ya ba ni saƙo. Sau ɗaya tak na ƙi. Wata tsohuwa ce a Roni ta tare ni da ƙullin daddawa za a kai wa 'yarta, na ce, "Inna, ki yi haƙuri, yau sauri nake yi." Kwana biyu tsakani labarin ya iso zaurenmu. Baba bai ɗaga murya ba.

"An ce ka fi ƙarfin aike yanzu."

"Baba, don in riski Magariba ne. Saboda kai ne."

"Kada ka ƙara sa sunana a cikin rashin kunya," in ji shi. "Gobe ka je ka ba ta haƙuri."

Na je na ba ta haƙuri, ta yafe mini, ta ƙara da ƙulli biyu.

Daga nan La'asar ta koma samuna a Roni. Sai kuma na fara shigowa Kazaure ana kiran Magariba, in jefar da babur a ƙofar gida in ja Baba da sauri, yana tuntuɓe, ni ina warin fetur da daddawa. Ran nan dai na makara gaba ɗaya. Na tarar da shi a zaure da alwalarsa, ya yi sallarsa shi kaɗai, ya juya fuska wajen ƙofa. Ya tambaye ni ko na ga abokinsa. Na ji kunya ƙwarai.

Akwai wani tsohon tela a jikin gidanmu, sa'an Baba ne ko ya ɗan girme shi, amma idonsa garau. Shi ya lura, ya ce duk ranar da ban iso ba zai riƙa biyowa ya tafi da shi, ai hanyarsu ɗaya. Na yi masa godiya sosai, na ce na ɗan lokaci ne kafin in daidaita tafiyar.

Tafiyar ba ta daidaita ba. A wata na huɗu mai duba makarantu ya zo ya tarar ban iso ba sai wajen ƙarfe tara, da kaji biyu a bayana. Mutum ne mai hankali, bai yi faɗa ba. Ya ce in zaɓa kafin ƙarshen zango: ko in tare a ƙauyen, mai gari ya yi alkawarin ɗaki, ko in koma Kazaure in ci gaba da riƙe aji uku. Na yi kwanaki ina juya maganar. Ina son kujerar nan, ina son yadda ake miƙewa in na shiga, kuma na san in na sake ta ba lallai a ƙara ba ni wata ba. Har na fara rarrashin kaina cewa zuwa gida ranar Juma'a ma ai zuwa ne.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a ƙauyen. Ana tashi daga makaranta mai gari ya aiko a kira ni, ya ce 'yan'uwan mamacin suna ƙauyuka uku a kan hanyata, in sanar da su. Wannan saƙo ne da ba mai ƙinsa, kuma ba a faɗarsa a tsaye. Sai ka zauna, a yi salati, a yi kuka, ka yi ta'aziyya. Magariba ta same ni a gindin wata tsamiya, na yi sallata ni kaɗai. Da na iso gida tun daga waje na ji dariyar Baba. Shi da tela ne a zaure, kwano a tsakaninsu sun kusa cinyewa, yana ba shi labarin da na ɗauka ni kaɗai yake ba. Nawa tuwon an rufe shi a gefe. Kishi ne ya kama ni, tsagwaronsa, ni da gemuna, a kan tsoho mai keken ɗinki. Washegari na rubuta takardar neman a mayar da ni Kazaure.

Mutanen ƙauyen sun yi mini taron bankwana. Mai gari ya tashi ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce tunda aka kafa garin ba a taɓa kawo musu ma'aikaci mai amana irina ba: wata huɗu ban taɓa fasa ƙwan fitila ko ɗaya ba, ban taɓa haɗa saƙon wani da na wani ba, zakara ma in aka ba ni da rai yake isa. Na yi ta sauraro ko zai ambaci makaranta. Ya ambace ta sau ɗaya, da yake roƙon Allah ya sa wanda za a turo ma yana da babur.

Ranar da na koma aji uku, tun La'asar ina gida. Na yi wanka, na zauna kusa da Baba, na gaya masa na bar hedimastancin, daga yau ni zan riƙa kai shi. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya kuma tambaya yanzu wa zai riƙa kai wa abokinsa goro. Da aka fara kiran salla na miƙe na kamo hannunsa. Daidai nan tela ya yi sallama a ƙofa, da hularsa a karkace, ya miƙo nasa hannun yadda ya saba.

Baba ya zare hannunsa daga nawa a hankali. Ya rage murya don kada telan ya ji.

"Dattijo ne, ya ɗauki abin da zuciya ɗaya. In na ce ya bari yau, na kunyata shi. Kuma shi ba ya jana da sauri. Kai riƙo mana buzu."

Na naɗe buzun na bi su a baya, tsofaffi biyu suna tafe suna hirarsu. Shekara biyu da 'yan watanni suka rage wa Baba a duniya, kuma duk a haka muka yi su.