Hasken da Ya Mutu a Hannun Fadimatu

Har gobe ban manta da ranar da Dokta Rifkatu ta kira ni ofis ta ce ba ta yarda da sakamakon ɗalibarta ba. Lokacin ina babban ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen kimiyyar sinadarai, a nan Jalingo. Aikina haɗa ruwan gwaji, kula da na'urori, da hana ɗalibai ƙona mana gini.

Ɗalibar, Fadimatu, 'yar garin Lau ce, tana digiri na biyu a kan feftayid, wato gajerun guntayen furotin. Idan ka narka su a ruwa ka bar su, da kansu suke jeruwa su zama siraran zare, ruwan ya daskare kamar kunun da ya huce. Ka haska masa shuɗiyar fitilar nan irin ta duba jabun kuɗi, sai ya yi ta sheƙi. Amma in akwai narkakken ƙarfe a ruwan, tagulla ko dalma, sai ya maƙale a zaren, hasken ya dusashe. Burinta shi ne a riƙa gwada ruwan rijiya da shi.

Kafin ta tafi haihuwa abin yana haske, har da hotuna. Da ta dawo bayan arba'in, ko sau ɗaya bai sake yi ba, alhali ba ta zuba masa ƙarfen komai ba. Dokta ta ce in bai haska a gabanta ba kafin zaman kwamiti, za ta rubuta cewa hotunan na bogi ne. Wannan kuwa kora ce.

Ni mutum ne mai bin diddigi, matata ma ta gaji da ni. Abin ya tsaya mini a rai, don na ga hasken nan da idona a baya. Na fara zargin ruwa, tunda na burtsatsenmu ja yake saboda ƙarfe. Na tace sabo, ban ga canji ba. Na sake wanke kwalabe da asid, shiru. Daga nan na ɗauki garin feftayid ɗinta da ruwanta na haɗa da hannuna, sai ga haske kamar an kunna fitila. Ita ta haɗa a gabana, ba ta tsallake komai ba, nata ya mutu.

“Baba, ko dai hannuna ne an yi mishi wani abu?” in ji ta, idonta ya kawo ruwa.

Na ce mata a ɗakin nan aljani ma sai ya sa safar hannu. Ta yi dariyar dole, ni kuwa tausayinta ya kama ni.

Washegari na ce ba zan taɓa komai ba, kallo zan yi tun daga shigowarta. Mahaifiyarta, da muke kira Dada, ita ke zama da jaririyar a baranda. Fadimatu ta shayar da ita, ta buɗe ɗan tandu, ta lakato kwalli da yatsa ta gyara wa yarinyar ido, ta goge yatsan a zani ta shigo. To, akwai ƙananan bakunan roba da muke ɗibar ruwan gwaji da su. A buhu muke sayensu, kowa ya jera nasa a akwati, kuma ɗalibai sun saba jerawa kafin su sa safar hannu. Ita ma haka ta yi. Na ɗaga ɗaya daga nata a hasken taga, sai ga baƙin tabo ɗan mitsitsi.

Na roƙi Dada ta ara mini tandun. Na jiƙa ɗan kwallin a asid mai rauni, na kira Dokta, na ɗiga a kwalbata mai haske. A gabanmu hasken ya mutu. Na ba Fadimatu bakunan da na jera, ta haɗa sabo, da ya daskare ya haska. Dokta ta dafa kafaɗarta ta ce ta yi haƙuri, ta zarge ta a banza.

Na zaci Fadimatu za ta yi tsalle. Sai ta tambaye ni a hankali wane ƙarfe ne. Na ce hasken ba ya faɗin suna, sai mun aika inda ke da babbar na'ura, amma wani kwallin dutsen dalma ne ake niƙawa. Ban rufe baki ba ta fice, ko rigar aiki ba ta cire ba. Muka tarar da ita a baranda tana goge idon 'yarta da gefen mayafi.

“Da shi na raine ki, me ya same ki?” in ji Dada.

“Dada, ni Allah ya kiyaye ni. Ita ba zan gwada ba.”

Sakamako ya dawo, dalma ce. A asibiti aka auna jinin yarinyar, likita ya ce an zo da wuri. Fadimatu ta gama digirinta, kwallin ya zama babi guda a kundinta.

Shi ya sa ku sababbin ma'aikata kuke jin ina faɗa in na ga an tuntsurar da kwalba a wurin wanki wai gwaji ya ƙi. Gwaji ba ya ƙi haka kawai, akwai abin da ya gani wanda kai ba ka gani ba. Bara Fadimatu ta kawo mini yarinyar da kayan makaranta, ta karanta mini sunana da ke jikin ƙofa ba gargada.