Majo Isufu da dokar da ya kafa wa ɗalibansa

Albasar bana ita ce ta bakwai da muka kwashe ba Yaya Isufu. Har yau in na ji jiniyar ambilans ta nufo kasuwar Malanville, sai in ajiye buhun da nake ɗinki, in leƙa hanya, kamar Yaya za a sauke.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Majo ne a asibiti, wato babban ma'aikacin jinya, kuma shi ake turo wa ɗaliban aikin agajin gaggawa su yi sitaj, wato koyon aiki, su bi motar su koyi ɗaukar waɗanda suka yi haɗari. Mutum ne mai faɗa, Allah ya jiƙan shi. Ranar farko ba ya nuna musu allura ko bandeji. Tsai da su yake cikin rana ya ce: "Kun iso wurin haɗari, ku tsaya ku duba. In akwai wuta, ko isansi ya zube, ko wayar lantarki, ba mai matsawa sai wurin ya lafa. Ko uwarka ce kwance. Gawa ba ta ɗaukar gawa." Wanda ya ruga da gudu, kashegari a gida zai wuni. Nakan ce masa, haba Yaya, 'ya'yan mutane ne fa! Sai ya ce ai shi ya sa.

Wata la'asar yana dawowa daga Garou kan moto, wato babur, ya yi karo da mai ɗaukar bidojin isansi, jarkokin fetur ke nan. Man ya malale, ciyawar gefen hanya ta kama da wuta. Ambilans ɗin da ta zo, ɗalibansa ne a ciki, babbarsu Ramatu, yarinyar da ya fi yi wa faɗa don ya fi sa rai da ita. Ta gane shi tun daga nesa, kwance tsakanin bidoji, jini na zuba daga cinyarsa. Abokanta biyu suka zabura, ta riƙe rigunansu ta ce ba mai matsawa.

Ya ɗago kai ya kira sunanta. Waɗanda ke wurin duk sun ji. Ko cewa yake ta zo, ko ta tsaya inda take, Allah kaɗai ya sani. Ta tsaya har 'yan kwana-kwana suka kashe wutar. Bido ko ɗaya bai fashe ba. A cikin motar ya cika, hannunta na danne da raunin.

Wannan shi ke cin mu, ni da ita. Da bidojin sun fashe, da kowa ya ce ta yi daidai. An ce da-na-sani ƙeya ce, amma a nan ba mu ma san wanda zai yi ta ba. Mutanen gari kuwa ba su raga mata ba, har a gaban idonta an ce ta bar malaminta ya mutu tana kallo.

Yanzu motoci sun ƙaru, kowa da waya a hannu, ana haɗari sai a yi ca ana ɗaukar hoto kusa da wuta. Da yana nan da ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ina kewar wannan faɗan, wallahi.

Satin da ya wuce Ramatu ta iske ni rumfa. Ta zama majo, an turo mata ɗalibanta na farko. Ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Kawu, dokar nan ta Majo. In koya musu, ko in bar ta?"

Na ji muryarsa yana kiranta, kamar ina wurin. Ban san abin da ya so a wannan lokaci ba, kuma ba zan yi mata ƙarya in ce na sani ba. Na tambaye ta ina abokan nan nata biyu. Ta ce ɗaya yana aiki Guéné, ɗayar ta haihu bara.

Na ce, "Tashi, ɗiyata. Gobe ki tsai da su cikin rana."