Danƙon da Ya Ceci Guntuwa

"Umma, wannan tsohon mugu ne?"

'Yata ce ta jefo tambayar da ƙarfi, muna zaune a rumfar hutu ta gandun namun daji, inda mijina yake tuƙa motar masu yawon buɗe ido. Tsohon yana dab da mu. Ya ɗame danƙo kenan ya saki curin laka a gaban wata macen gwaggon biri, ta kwasa a guje da ɗanta manne a ciki. Na kai hannu in toshe bakin yarinyar, ashe ya riga ya ji. Ya yi dariya ya ce, "Uwata, gara biran nan su ɗauke ni mugu."

Baba Mai Danƙo ke nan, wanda zai ajiye aiki a ƙarshen watan nan. Aikin da aka ɗauke shi shara ce. Kafin motar farko ta iso da safe ya share rumfa, ya tsince ɓawon ayaba da ledar biskit, ya ɗaure murfin kowane durom na shara da waya, don biran sun gane buɗe sakata. Sannan ya hau kututturensa ya zauna da danƙo a cinya. Bai taɓa auna jikin dabba ba. Ƙasa yake harba, ƙura ta tashi, biri ya tuna cewa mutum ba abokinsa ba ne.

Birin da ya ci daga hannun mutum ya daina tsoro. Yau ya karɓa, gobe ya fizga, jibi ya yi cizo. Ranar da ya ciji baƙo kuwa, masu gadin daji za su sa masa bindiga. Ni uwa ce, ba na ganin laifinsu. Na ga haƙoran gwaggon biri kusa da kusa, sun kai tsawon yatsana.

Wadda ya kora ran nan ita ce Guntuwa, mai gutsurarren wutsiya. Bara, da Baba ya kwanta jinya, baƙi suka koya mata karɓar abinci, har ta fizge burodi a hannun wani yaro ta yakushe shi. Manaja ya ce in ta sake, shike nan. A lokacin ya kamata Baba ya tafi hutawa, 'ya'yansa har sun zo kwashe masa kaya. Ya ce su koma, yana da ɗaliba guda da bai yaye ba.

Ya daina cin abincinsa a fili. Duk motar da ta tsaya, kafin a buɗe ƙofa yana jikin taga yana gaisuwa, yana roƙon kowa ya mayar da abin da ke hannunsa cikin jaka. Direbobi suna tsokanarsa, wai ga mijin Guntuwa mai kishi. Ya ce musu ai shi ya sa ba ya son ta kula kowa.

Mijina yana wurin ranar da wani baƙo mai babbar kyamara ya ɓoye ayaba a bayansa, yana lallaɓo Guntuwa don ya samu hoto. Saura taku kaɗan ta iso, Baba ya shiga tsakaninsu, ya buɗe tafin hannu.

"Ranka ya daɗe, ba ni ayabar. Kai da hoto za ka tafi, ita kuma harsashi za ka bar mata."

Mutumin ya fusata, ya kai ƙara ofis. Baba ya sha faɗa a kan sa baki cikin harkar baƙi, washegari ya koma kan kututturensa. Daga nan ne direbobi suka haɗa baki, babu mai buɗe kular abinci sai Baba ya ɗaga hannu.

Yanzu Guntuwa in ta ji ƙarar mota sai ta haye dutse da ɗanta, daga can ake ɗaukarta hoto. 'Yata ta yi ta ƙorafi wai ta daina zuwa gaishe mu. Baba ya ce mata wannan ce kyautar sallamar da yake so.

Baba, kai ne ka yarda dabbar da kake ƙauna ta tsane ka don ta rayu. Kai ne ka sa nake sakin hannun 'yata a rumfar nan hankalina kwance. Mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta cikin jikokinka. Matashin da zai karɓi tsintsiyarka, Allah ya sa ya karɓi danƙon ma, ya karɓi haƙurin.

Kai kuma mai karatu, ka zo. Zuwanka ne ke riƙe da masu gadin daji a bakin aiki. Amma Baba ba zai tsaya a jikin tagarka ba. Ka rufe jakarka, ka riƙe hannun ɗanka, ka koma gida da ledarka. In ka miƙa wa biri ko ɓawon ayaba ne, kada ka kira shi tausayi. Ranar da bindiga ta tashi a bayan rumfar nan, da hannunka a ciki.