Littattafan da Suka Yi Tsabta da Yawa

Ba a sa ni lakwal, wato makarantar boko, ina yarinya ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Yayyena maza suka tafi, ni aka bar ni da awaki. Sai na koma tsintar takardu. Duk wadda aka ƙunshe ƙosai da ita, in goge man, in miƙar, in adana a gwangwanin madara. Ban san harafi ko ɗaya ba, amma wanda ya taɓa gwangwanin nan sai mun yi dambe. Sai da na haifi ƴaƴa biyar na shiga ajin manya. Da ido ya buɗe na ɗauko dukiyata, ashe rabinta bayanin maganin tsutsar tumaki ne.

Na faɗi wannan ne don ku sababbin ma'aikata ku gane abin da ya faru shekarata ta biyu ina riƙe da ɗakin karatun unguwarmu a Dakoro. Aikin mai sauƙi ne: a buɗe da safe, yaro ya zaɓi littafi, a rubuta sunansa a kaye, wato kundin aro, ya maido bayan sati. Ni kuwa na ƙara nawa dokoki. A wanke hannu da sabulu, a nuna mini farce, ba lasar yatsa, ba fita da littafi. Wata Hadiza mai tallar ƙosai sau uku ina korarta daga bakin ƙofa.

Ranar da ba ta fita raina ita ce wata Talata da ansifekta ya zo, wato mai zagayen duba ɗakunan karatu. Na buɗe masa akwatunan littattafai ina taƙama. Ya ɗauki littafi, ya shinshina, ya ɗauki wani.

"Madam Rabi, yaushe aka kawo waɗannan?"

"Bara waccan, Mushe. Ko ƙura ba ta hau su ba."

"Na gani. Ko yaro ma bai hau su ba."

Ya buɗe kayen aro, ya tarar da suna huɗu, biyu nawa ne. Ya ce in ya dawo bayan wata guda ya iske su da wannan kyan, zai kwashe su zuwa Birnin Lalle, inda yara ke rububin littafi ɗaya har ya rabu biyu.

"Su yage su ke nan!" na ce.

"To, ke mi kike jira su yi a nan, su haihu?"

Ina rufe akwatin sai na ga gwangwanina ne ya yi girma, har an ba ni mabuɗi da albashi. Yarinyar da aka hana karatu ta tsufa, ita ce yau tsaye bakin ƙofa tana duba farce. Aikin nan namu, wanda ya fi son littafi shi ya fi haɗari gare shi.

Da gari ya waye na zuba littafi talatin a kwanon wanki, na ɗora a kai, na nufi bakin tasha. Hadiza na hango ni ta ɓoye hannuwanta a zane.

"Fiddo su," na ce. "Zaɓi ɗaya."

Ta zaɓi mai hoton raƙumi, babban yatsanta ya bar tambarin mai a bangon. Na kau da kai, na rubuta sunanta.