Inna Kembabazi da Ɓarawon Ayabarta

Inna Kembabazi ƙanwar mahaifiyata ce, kuma gonarta ce ta ƙarshe kafin a shiga dajin Bwindi. Tun da mijinta ya rasu take noman ayaba da dankali ita kaɗai. Duk ƙauyenmu na Nkuringo an san muryarta, don ko gaisuwa take yi sai an jiyo ta a tsallaken kwari.

Abokin gabarta ɗaya ne a duniya: wani ƙaton goggon biri mai furfura a gadon baya, da yake fitowa da iyalinsa su yi mata ɓarna. Ba ma 'ya'yan ayabar yake ci ba, itacen yake tsagawa ya cinye ɓargon ciki. Kafin ta hauro tudu tana buga tsohon kwano, sun shige daji. Ƙeyarsa kawai ta sani.

"Wai Turawa su ƙetaro teku don kallon ɓarawo!" Haka take ce mini kullum, saboda ni aikina raka baƙi wurin birran.

Wata shekara aka ba dattawan ƙauye damar shiga su ma su gani, na sa sunanta. Da safe sai ga ta cikin kayan zuwa coci, da takalmin roba har gwiwa.

Na ce, "Inna, daji fa za mu, ba biki ba."

Ta ce, "Gidan maƙwabci zan je, in je masa da tsumma? Akwai maganar da zan gaya masa."

Hawan dutsen bai dame ta ba. Mai unguwarmu Turyahikayo ne yake ta haki a baya, ta waiga ta ce, "Ranka ya daɗe, ajiye tumbin nan a gindin bishiya, in mun dawo ka ɗauka."

Da muka kusa, kowa ya ɗaura takunkumin fuska don kada mu sa wa birran cuta, na roƙe ta don Allah ta rage murya. Muka ratsa wata sarƙaƙiya, sai ga mutumin nata kwance rigingine yana sosa ciki. Wani ɗan jariri ya hau kansa yana ja masa kunne, wasu biyu suna kokawa a kan ƙafarsa, matan suna gefe suna cin ganye abinsu. Can ƙaton ya miƙe, ya biyo ta gabanmu, ƙasa har tana motsi. Inna ta durƙusa ba wanda ya sa ta.

"Sannu da gida, maigida," ta ce, da wata siririyar murya da ban taɓa sanin tana da ita ba.

Sai da muka kama hanyar dawowa ta sake magana. "Duk wannan taron a wuyansa suke? Kai, bawan Allah yana fama."

Ba ta yafe masa ayabar ba dai. Ta mayar da shukar ayabar can bayan gidanta, ta shuka ganyen shayi a bakin daji, don shi ba sa ci.

Yanzu baƙina sukan tsaya wurinta su sha kunun dawa. Takan ba su labarin yadda ta tsare shi ido da ido ta wanke shi tas, har ya sunkuyar da kai. Ni ne tafinta, kuma yadda ta faɗa haka nake fassarawa, don a gidanta nake cin abincin rana.